Wabi da Garkuwar Jiki: Yaran da Ake Haifa da Giɓi a Tsaronsu

A ƙasar Hausa akwai sunayen da in ka ji su ka san labarin gidan tun kafin a ba ka: Ajuji, Ayashe, Abarshi, Barmini. Sunaye ne da ake raɗa wa yaron da yayyensa suka yi ta mutuwa suna ƙanana, wato ɗan wabi. Uwa ta haihu, yaro ya yi wata huɗu ko shida, ciwo ya kama shi, a yi magani ya lafa, ya sake dawowa, har ya tafi da shi. Shekara biyu a sake haihuwa, abin ya maimaita kansa. Wasu su ce iska ce, wasu su ce nonon uwar ne ba shi da kyau, wasu kuma su ɗora wa kishiya.

Wabi ba cuta ɗaya ba ce. Sikila tana jawo shi, saɓanin rukunin jini tsakanin uwa da jariri yana jawo shi, haka ma tamowa da zazzaɓin cizon sauro. Amma akwai wani dalilin da ba kasafai ake tunawa da shi ba, har a asibiti: yaro ya zo duniya da giɓi a garkuwar jikinsa. Likitoci suna kiran wannan rukunin cututtuka raunin garkuwar jiki na asali, ko na gado. A kansa za mu yi magana yau, kuma za mu dube shi daga gabashin jihar Sakkwato, yankin Isa da Sabon Birni, domin can ne ake ganin yadda matsalar ke ɓuya a cikin wasu matsalolin.

Yadda jiki ke tsare kansa

Mutanen Gobir ba baƙin ganuwa ba ne. Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, kufansa yana nan a yankin Sabon Birni. Birni irin wannan ba ganuwa kaɗai ke tsaronsa ba. Akwai masu gadin ƙofa, akwai dakarun da ke fita da zarar an ji kururuwa, akwai kuma maharba da suka san abokin gaba da fuskarsa. Tsaron jiki ma kusan haka yake, hawa uku.

Hawa na farko shi ne ganuwa: fata, majinar hanci da maƙogwaro, hawaye, yawu, da ruwan ciki mai tsami da ke ƙona yawancin ƙwayoyin cutar da muka haɗiya da abinci. Akasarin ƙwayoyin cuta a nan suke tsayawa, ba mu ma san sun zo ba.

Hawa na biyu su ne dakarun ko-ta-kwana. Idan ƙaya ta soke ka, ganuwa ta fashe kenan. Cikin 'yan sa'o'i wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira niyutrofil za su cika wurin, su rinƙa haɗiye bakteriya suna kashe ta da sinadarai masu ƙuna. Ɓargo yana ƙera kimanin biliyan 100 na waɗannan ƙwayoyi kowace rana a jikin babban mutum, don ba sa daɗewa. Mugunyar da kake gani a maruru, mafi yawanta gawarwakinsu ne. Tare da su akwai makrofaj, manyan ƙwayoyi masu cinye datti da gawar ƙwayoyin cuta, da kuma wasu sunadarai sama da 30 da ke yawo a jini, waɗanda ake kira kwamfilimen. Aikin wasu daga cikinsu shi ne huda jikin bakteriya har ta fashe. Kumburi da zafi da jan da wuri ke yi alama ce ta wannan faɗa. Waɗannan dakaru suna da sauri, sai dai ba su da tantancewa sosai, kuma ba sa riƙe tarihin wanda suka yaƙa.

Hawa na uku shi ne na ƙwararru, ƙwayoyin B da ƙwayoyin T. Dukansu a ɓargo ake haifarsu. Ƙwayoyin T suna wucewa wata 'yar gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji mai suna taimos, inda ake horar da su su bambanta ɗan gida da baƙo. Wasunsu suna kashe ƙwayoyin jikin da bairos ya shiga, wasu kuma su ne kwamandoji masu ba sauran umarni. Ƙwayoyin B su ke ƙera antibodi, wasu sunadarai da suka yi kama da kibiyar da aka ƙera don abokin gaba ɗaya tak. Antibodin ƙyanda ba ya kama shan inna. Wannan hawa yana ɗaukar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya shirya a karon farko, amma in ya shirya ba ya mantawa. Shi ya sa wanda ya yi ƙyanda da wuya ya sake yi. Kuma a kan wannan ne riga-kafi ya ginu: a nuna wa jiki kamannin abokin gaba ba tare da an shiga yaƙin gaske ba.

Wannan kaluluwar da ke fito maka a matsematsi in ka ji ciwo a ƙafa, sansani ne inda ƙwayoyin B da T ke taruwa suna hayayyafa. Saifa ma sansani ce, ita ke tace jini.

Jariri kuma fa? Yana zuwa da aron kariya. A watanni ukun ƙarshe na ciki, antibodin uwa suna ratsa mabiyiya su shiga jininsa, nono kuma, musamman dakashi, yana ƙara masa wani nau'in da ke tsare hanji. Wannan aro yana ƙarewa wajen wata shida. Mai karatu ya riƙe wannan lokaci, zai yi mana amfani a gaba.

Idan aka haifi yaro da giɓi

Duk waɗannan dakaru, ƙwayoyin gado ne ke ɗauke da tsarin ƙera su. Kuskure a ƙwayar gado ɗaya ya isa ya hana wani sashe samuwa ko ya hana shi aiki. A jerin da ƙungiyar masana garkuwar jiki ta duniya ta fitar a 2022, an lissafa irin waɗannan cututtuka 485, kuma ana ci gaba da gano sababbi. Irin ciwon da ke damun yaro yakan nuna wane sashe ne ya samu matsala.

*Idan antibodi ne babu.* A 1952 wani likitan sojan Amurka, Ogden Bruton, ya ba da rahoton wani yaro ɗan shekara takwas da bakteriya ta yi ta shiga jininsa a kai a kai. Da ya auna jinin sai ya tarar kusan babu antibodi. Ya fara yi masa allurar antibodin da aka tace daga jinin wasu, ciwon ya tsaya. Wannan cuta maza take kamawa, kuma yaron yakan yi lafiya lau a watannin farko, sai aron uwa ya ƙare sannan ciwon kunne da ciwon huhu su fara zuwa ba ƙaƙƙautawa.

*Idan ƙwayoyin T ne babu.* Wannan shi ne mafi tsanani, ana kiransa SCID a taƙaice. Tunda ƙwayoyin T ne kwamandoji, rashinsu yana durƙusar da ƙwayoyin B ma. Jariri zai fara da farin abu kamar kindirmo a harshe da cikin baki wanda ba ya jin magani, gudawa da ba ta tsayawa, tari, da ƙin girma. In ba a yi magani ba, da wuya ya kai shekara biyu. Shahararren misali shi ne David Vetter na jihar Texas, wanda aka haifa a 1971 bayan wansa ya rasu da wannan cuta. Ya yi rayuwarsa a cikin wani ɗakin leda da aka tsare daga ƙwayoyin cuta, ya rasu a 1984 yana ɗan shekara 12.

*Idan niyutrofil ne suka gaza.* Akwai nau'in da suke haɗiye bakteriya amma su kasa kashe ta, sai yaro ya yi ta fama da maruru masu zurfi, har a hanta da huhu. Akwai nau'in da ba sa iya fita daga jijiya su isa wurin ciwo. Alamarsa ta farko ita ce cibiya ta ƙi faɗuwa har ta wuce wata guda, gyambo kuma ya yi ta ci ba tare da mugunya ba.

*Idan kwamfilimen ne ya yi ƙaranci.* Nan abin ya taɓa mu kai tsaye, don Sakkwato tana cikin yankin da sanƙarau ke addaba duk bazara. A annobar 2016 zuwa 2017 an lissafa mutum sama da 14,000 da ake zaton sun kamu a Najeriya, sama da 1,100 suka rasu, kuma Zamfara da Sakkwato da Katsina na cikin jihohin da abin ya fi shafa. Mafi yawansu garkuwarsu ƙalau take. Amma bakteriyar sanƙarau tana cikin waɗanda kwamfilimen ke hudawa, saboda haka mutumin da sanƙarau ya kama sau biyu ko uku a rayuwarsa ya kamata a binciki wannan sashe nasa. An samu iyalai masu irin wannan rauni da yawa a yankin Cape na Afirka ta Kudu.

Ba duka ne masu kisa ba. Mafi yawan samuwa a cikinsu, ƙarancin wani nau'in antibodi da ake kira IgA, da yawan masu shi sukan tsufa ba su san suna da shi ba.

Maganar gado da auren zumunci

Hanya biyu ce ta fi yawa. Ta farko irin ta sikila ce: uba yana ɗauke da kuskuren guda ɗaya, uwa ma haka, dukansu lafiyarsu ƙalau. A kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaro ya gaji biyun. A lura, kowane ciki lissafinsa daban. Ba wai in an haifi mai ciwo ɗaya ukun da ke biye sun tsira ba ne.

Ɗan wa da 'yar ƙani sun yi tarayya a kusan kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonsu. In kakansu yana ɗauke da wani kuskure da ba kasafai ake samu ba, damar su biyun su gaje shi ta fi ta bare nisa. Shi ya sa ake yawan samun irin waɗannan cututtuka a ƙasashen da auren zumunci ya yi ƙarfi, kamar Maroko da Tunisiya da Masar da Iran da Turkiyya. Wannan ba hukunci ba ne a kan auren zumunci, don akasarin 'ya'yan irin wannan aure lafiya suke. Magana ita ce, dangin da suka ga jarirai suna mutuwa iri ɗaya su san cewa akwai abin bincike.

Hanya ta biyu ta kuromosom X ce. Uwa ce ke ɗauke da kuskuren ba tare da ta yi ciwo ba, kowane ɗa namiji kuma yana da yiwuwar rabi da rabi. A irin wannan gida za ka ji an ce maza ba sa tsayawa, mata ne kawai ke rayuwa, kuma in ka tambaya sai ka ji 'yan'uwan uwar maza ma wasu sun rasu suna jarirai. Ko ta wace hanya ce, ba laifin uwa ba ne, ba kuma nononta ba. Sakin ta ko hana ta shayarwa ba ya gyara komai, hana nonon ma ƙara jefa jaririn cikin haɗari yake yi.

Me ya sa ba a ganinsu a Isa da Sabon Birni?

Hausawa sun ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. A yankin da 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyuka, noma ya yi wuya, dubban mutane suka koma cikin gari ko suka tsallaka jihar Maraɗi, yaro mai gudawa da rama ba abin mamaki ba ne ga ma'aikacin lafiya. Kuma gaskiya ne, mafi yawan yara masu raunin garkuwa a irin wannan wuri ba gado suka yi ba, daga baya abin ya same su.

Tamowa ce kan gaba, ita ce babbar mai raunana garkuwar yara a duniya baki ɗaya. Tana sa taimos ya ƙanƙance, fata da hanji su yi rauni. Cutar noma mai cin fuskar yara, wadda aka buɗe wa asibiti na musamman a Sakkwato tun 1999, a kan irin waɗannan yara take hawa. Sai ƙyanda: binciken da aka wallafa a 2019 ya nuna tana iya share kashi 11 zuwa 73 cikin 100 na nau'o'in antibodin da yaro ya tara, wato ta sa jiki ya manta abokan gabar da ya sani. Sikila tana lalata saifa tun yaro yana ƙarami. Ƙanjamau kuma kwamandojin ƙwayoyin T yake kashewa.

To ta yaya za a bambanta? Abu na farko shi ne a dubi yadda ciwon ya bazu. A watan Maris na 2024 an sanar da hukumar NCDC wata baƙuwar cuta a ƙaramar hukumar Isa, inda yara ke kumburin ciki da zazzaɓi da amai. An lissafa mutum 164 a mazaɓu shida, kuma gwajin farko ya karkata hankalin masu bincike ga ƙarafa masu guba irin su dalma. Idan yaran gidaje daban-daban suka kwanta lokaci ɗaya, ruwa da abinci da ƙasa da annoba ake fara tuhuma. Raunin gado ba haka yake zuwa ba. Gida ɗaya yake bi, shekara bayan shekara, alhali yaran maƙwabta da ke cin abinci iri ɗaya suna shan ruwan rijiya ɗaya suna nan garau.

Abu na biyu, yaro mai tamowa in ya samu abinci mai gina jiki da magani yakan murmure. Wanda aka ciyar, aka yi wa magani, gwajin ƙanjamau ya nuna babu, amma ciwo yana ta dawowa, shi ne ya kamata a sake dubawa.

Alamomin da za a lura da su

Gidauniyar Jeffrey Modell ta Amurka ta tsara alamomin gargaɗi da likitoci ke amfani da su a ƙasashe da yawa. Daga ciki akwai:

- ciwon kunne sau huɗu ko fiye a shekara ɗaya
- ciwon huhu sau biyu ko fiye a shekara ɗaya
- shan maganin kashe bakteriya wata biyu ba sauƙi
- ciwo ba ya tafiya sai an yi allura ta jijiya
- jariri ya ƙi ƙara nauyi
- maruru masu zurfi da ke dawowa
- farin baki da ya ƙi warkewa
- ciwo mai tsanani sau biyu ko fiye, kamar sanƙarau ko shigar bakteriya cikin jini
- tarihin irin wannan a dangi

Alama biyu ko fiye sun isa a nemi likitan yara. Mura kuwa ba ta ciki. Yaro mai lafiya yana iya yin mura sau shida zuwa takwas a shekara, ya warke ya ci gaba da wasansa.

Riga-kafi: a fahimci wannan da kyau

Wasu alluran riga-kafi suna ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana: BCG ta tarin fuka da ake yi wa jariri da haihuwa, ɗigon shan inna, ɗigon rota na gudawa, da allurar ƙyanda. Ga yaro mai cikakkiyar garkuwa, horo ne kawai. Ga jariri mai SCID kuwa, BCG tana iya bazuwa a jiki. Wurin allurar ya yi ɗan ƙurji ya bar tabo, wannan daidai ne. Amma in ya zama gyambon da ya ƙi warkewa watanni, ga ƙaton kumburi a hammata, ga rama, a kai shi asibiti.

Shan inna ma akwai labari. An ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji ranar 25 ga Agusta 2020, amma nau'in da ya rikiɗe daga ɗigon riga-kafi yana ci gaba da yawo a inda yara da yawa ba su samu riga-kafin ba, kuma Sakkwato da Zamfara na cikin wuraren da aka fi samunsa. Wannan yawon, ƙarancin riga-kafi ne ke jawo shi. Sai dai masu raunin antibodi suna da nasu matsayi a lissafin: mai lafiya yakan daina fitar da ƙwayar a bayan gida cikin 'yan makonni, su kuwa jikinsu yakan kasa korar ta. A 2015 masu bincike a Ingila suka ba da rahoton wani mutum da ya shekara 28 yana fitar da ita. Don haka gano irin waɗannan marasa lafiya yana cikin aikin kawar da shan inna.

Kar wani ya ɗauki wannan hujjar ƙin riga-kafi. A Amurka, inda ake gwada kowane jariri, SCID yana samun kusan ɗaya ne cikin 58,000. Ƙyanda kuwa ba ta zaɓe. Yaron da ba zai iya karɓar allura ba, kariyarsa tana hannun yaran unguwa da suka karɓa, don su ne ke hana cutar isowa gare shi. Abin da ake so shi ne, gidan da aka taɓa rasa jarirai da ciwo mai maimaituwa su faɗa wa ma'aikacin lafiya tun ana awon ciki, domin a duba sabon jaririn kafin a ba shi allura mai rai.

Akwai magani?

Akwai, kodayake ba duka ne ke kusa ba. Matakin farko ba shi da tsada: ƙidayar ƙwayoyin jini, gwajin da manyan asibitoci ke yi kullum. Jariri yana da ƙwayoyin limfosayit, wato dangin B da T, fiye da babba. In aka ga sun gaza kimanin 2,500 zuwa 3,000 a kowace maikrolita, abin dubawa ne, ko da adadin zai yi daidai a jinin babba. Daga nan sai gwajin ƙanjamau, da na sikila, da auna antibodi, sannan a tura yaro babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato.

Masu ƙarancin antibodi ana ƙara musu shi ta jijiya duk mako uku zuwa huɗu, kuma suna iya girma su yi karatu su yi aure. Matsalarsa tsada. Wasu nau'o'in ana riƙe su da maganin kashe bakteriya na kullum, irin kotirimokzazol mai araha. SCID kuwa dashen ɓargo ne maganinsa. An fara yin nasararsa a 1968 a jihar Minnesota, kuma wani babban bincike na 2014 ya nuna kashi 94 cikin 100 na jariran da aka yi wa dashen kafin wata uku da rabi suna raye bayan shekara biyar. A Najeriya an fara dashen ɓargo a 2011 a asibitin koyarwa na Benin, ga mai sikila. Likitocin nahiyar ma sun kafa ƙungiyarsu ta wannan fanni, ASID, a Kasabalanka a 2008.

Ko inda dashe bai samu ba, sanin sunan ciwon yana da amfani. Za a tafasa wa yaro ruwan sha, a nisanta shi da mai tari ko ƙyanda, a kai shi asibiti ranar da zazzaɓi ya fara maimakon a jira kwana uku. Za a shirya wa ciki na gaba. Uwar kuma za ta huta da zargi.

Ga ma'aikatan lafiya na Isa da Sabon Birni da makamantansu, tambaya ɗaya ce ba ta cin ko kwabo: "Baiwar Allah, kin taɓa rasa yaro? Yana da wata nawa, kuma me ya same shi?" In ta ce biyu ko uku, duk kafin su shekara, duk da tari da gudawa da farin baki, a rubuta a katin yaron, a yi ƙidayar jini, a tura shi gaba.